Karayar ƙwauri: yaushe siminti ya isa, yaushe kuma bai isa ba?

Idan ɗan kabu-kabu ya faɗi a hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi, ko katanga ta rufto wa mutum da damina a wani ƙauyen Argungu, aka ɗago shi ƙwauri ya lanƙwashe, gardamar da ke fara tashi tsakanin dangi ɗaya ce: asibiti ko gidan mai ɗori? Masu gudun asibiti hujja biyu gare su. Ta farko, can tiyata za a yi, a sa ƙarfe, a nemi kuɗin da sai an ɗaga gona ko an kai sa kasuwa. Ta biyu, wadda ake faɗa ƙasa-ƙasa, can ake yanke ƙafa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akwai karayar ƙwauri mai tarin yawa da likitan ƙashi kansa ba ya ɗaukar wuƙa a kanta. Ja yake yi ya daidaita, ya naɗe da siminti, wato farin bandejin nan na asibiti mai daskarewa ya yi tauri, ya sa a jira, kusan abin da mai ɗori ke yi da karare da tsumma.

To, in haka ne, me ya raba su? Ƙashi dai shi ke haɗa kansa da ikon Allah, ba siminti ba, ba kara ba, ba ƙarfe ba. Aikin mai magani shi ne ya riƙe shi a miƙe har ya gama. Ɗaurin kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Inda ƙafa ke tsira ko ta salwanta shi ne wajen sanin wace karaya ce ta dace da ɗauri tun farko, da abin da aka tanadar wa kumburin da zai biyo baya, da kuma ko wani ya sake leƙa ƙashin bayan mako ɗaya ko biyu.

Daga gwiwa zuwa idon sawu ƙashi biyu ne. Babban, wanda ake tsorata yaro da buga masa sanda a kai, shi ne ƙwauri, kuma shi ke ɗauke da kusan duk nauyin mutum. Siririn da ke gefen waje bai ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin shida, har likitoci kan yanki wani ɓangare na tsakiyarsa su dasa a wani wuri, mai shi ya ci gaba da tafiyarsa. Amfaninsa babba yana can ƙasa, inda ƙarshensa ya zama ƙullutun idon sawu na waje yana tallafe da gaɓar. Shi babban, matsalarsa ita ce ba shi da sutura ta gaba. Shafa ƙwaurinka ka ji: fata ce kawai a kan ƙashi. Shi ya sa a cikin dogayen ƙasusuwan jiki ya fi kowanne yawan karyewa, ya fi kowanne saurin huda fata ya fito, kuma ɓangarensa na ƙasa, wanda tsoka ba ta lulluɓe sosai ba, jini bai wadace shi ba, sai ya yi ta jan ƙafa wajen warkewa.

Yadda yake warkewa kuwa, da farko jini ne ke taruwa ya daskare a bakin karayar. A cikin makonni biyu zuwa uku wannan gudan jinin ya koma wani abu mai kama da guringuntsi da ya kewaye bakunan biyu, kamar yaɓen da magini ke yi wa tsagar katanga, yana tudu ta waje. Sannu a hankali ya yi tauri ya zama ƙashi, sannan jiki ya shafe watanni, wani lokaci shekaru, yana sassaƙe tudun. Ga baligi, ƙwauri kan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin a ce ya haɗe. Ciwo kuwa tun mako na shida ya lafa. Wannan tazarar tsakanin lafawar ciwo da haɗewar ƙashi ita ke yaudarar mutane, su yar da sanda, su koma fadama, ƙafa ta lanƙwashe a hankali ba su ankara ba.

Likitocin ƙashi suna da ma'aunin da suke yanke hukunci da shi, kuma a kan hoton ƙashi ake auna shi. Bayan an ja an daidaita, ana so karkatar ƙashin zuwa ciki ko waje kada ta wuce digiri 5, zuwa gaba ko baya kada ta wuce digiri 10, murɗewa kada ta wuce digiri 10, gajarta kada ta wuce santimita 1, kuma aƙalla rabin bakin kowane ɓangare ya zauna a kan ɗan'uwansa. In aka samu haka, fata ba ta huje ba, karayar ba ta shiga cikin gaɓar gwiwa ko ta idon sawu ba, kuma ba irin wadda mota ta rugurguza ƙashi gutsi-gutsi ba ce, siminti ya isa. Digiri 5 abu ne ƙanƙane, ido ba ya kama shi a ƙafar da ta kumbura. Amma mutum zai taka wannan ƙafar sau dubbai kowace rana har ƙarshen ransa, kuma karkatar da ta yi yawa takan jibge nauyi a gefe ɗaya na gwiwa ko idon sawu.

Nan ne hannu, kome ƙwarewarsa, yake gazawa. Mai ɗorin da ya gaji sana'ar kaka da kakanni zai iya shafawa ya gaya maka inda ƙashi ya karye, sau da yawa kuma ya yi daidai. Abin da yatsa ba ya ji shi ne tsagar da ta gangara ta shiga gaɓa, ko ɓangare na uku da ya ɓalle ta baya a ƙarƙashin sha-raɓa. Akwai ma wata karaya mai wayo da wani likitan Faransa, Maisonneuve, ya bayyana tun 1840: mutum ya gurɗe a idon sawu, ƙarfin murɗawar ya haura ya karya siririn ƙashin can sama kusa da gwiwa, jijiyoyin da suka haɗa ƙasusuwan biyu kuma sun yage. Wanda ya duba sama kawai zai ce ƙaramar karaya ce, wanda ya duba ƙasa kawai zai ce targaɗe ne, alhali gaɓar idon sawun ta saki, kuma yawanci sai an yi aiki. Dalilin ke nan da ake ɗaukar hoto biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, kuma a tabbatar gwiwa da idon sawu duk sun fito a ciki.

Karayar da ta huda fata hukuncinta daban ne, kuma a nan babu sassauci. Ko hudar ba ta wuce bakin tsinke ba, in baƙin jini na tsattsafowa daga cikinta kusa da karayar, to ƙashi ya gaisa da waje, ƙurar hanya da taɓon fadama sun samu ƙofa. Irin wannan tana buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri, so samu a cikin awa ta farko, da rigakafin tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, da wankin rauni a ɗakin tiyata. Duk wanda ya barbaɗa garin magani a kai ya rufe da kara ya naɗe, ya kulle cuta a cikin ɓargo. Waɗanda aka yi wa haka su ne mutanen da za ka gani shekara uku, shekara biyar, da gyambo a ƙwauri yana zubar da mugunya, lokaci-lokaci ɗan guntun mataccen ƙashi ya fito. Harbin bindiga, wanda abin takaici ya zama ruwan dare a wasu yankunan da ke maƙwabtaka da Zamfara, yana cikin wannan rukuni kome ƙanƙantar ramin da harsashi ya bari.

Bari mu shiga ɗakin sa siminti mu ga yadda abin yake. An ba majinyaci maganin kashe zafi ko an sa shi barci. Sau da yawa akan zaunar da shi ko a kwantar da shi a bakin tebur, ƙafar na reto, nauyinta da kansa yana taimakawa wajen miƙar da ƙashin. Mutum ɗaya ya riƙe yatsu da dunduniya yana ja a hankali, yana duban ƙafar mai lafiya don ya daidaita inda babban yatsa ya kamata ya fuskanta. Ɗayan ya naɗa auduga tun daga yatsu, yana ƙara kauri a wuraren da ƙashi ya turo: dunduniya, idon sawu biyu, da ɗan ƙullutun nan da ke gefen waje ƙasa da gwiwa. Wannan ƙullutun ana kaffa-kaffa da shi, don wata jijiya ce ta zagaye shi, wadda in aka danne ta mutum ba zai iya ɗaga tafin ƙafarsa ba, sai ya riƙa jan yatsu a ƙasa. Sannan a tsoma bandejin farin gari cikin bokitin ruwa har kumfa ta daina tashi, a ɗan matse, a shimfiɗa shi ba tare da an ja ba. Ana lailaya shi da tafin hannu, ba da kan yatsu ba, saboda duk inda yatsa ya lotsa, ta ciki ya zama tsini mai cin fata. Yana kamawa yana ɗumi, majinyaci har ya tsorata. A miƙar da idon sawu kamar mutum na tsaye, a ɗan lanƙwasa gwiwa kamar digiri 10 zuwa 15, a haura da simintin har saman cinya.

Galibi a nan ne uban yaro ke tsoma baki. "Likita, karayar ga ƙasa take, mi ya kai ku cinya?" Amsar ita ce, ƙashin da ba a tsare gaɓar samansa da ta ƙasansa ba zai riƙa murɗawa duk lokacin da mai shi ya juya a kan gado. Wannan ma wani babban bambanci ne da ɗorin gida, wanda kararensa kan tsaya a kan ƙwaurin kaɗai, gwiwa da idon sawu a sake. Shi wannan bandejin, wani likitan sojan Holan mai suna Antonius Mathijsen ne ya ƙirƙiro shi a 1851, da garin dutsen jifsam da aka gasa. Yana kamawa cikin mintoci, amma bushewa ta gaske sai bayan kamar kwana biyu.

Magana ta biyu da uban yaro kan yi ta fi ta farko haɗari: "A ɗamre mai ƙwarai, kada ya motsa." A wajen mutanenmu ɗaurin da ya matse shi ne ɗaurin ƙwarai. A kimiyyar ƙashi kuwa, ƙafar da ta karye yau ba ta gama kumbura ba, za ta ci gaba har kwana biyu zuwa uku. Shi ya sa a kwanakin farko likitoci da yawa ba sa zagaye ƙafar da siminti gaba ɗaya. Rabin siminti suke shimfiɗawa ta baya su naɗe da bandeji mai laushi, ko in sun zagaye su tsaga shi daga sama har ƙasa. Dangi su ga haka su ce an yi aikin ganin dama, wasu ma daga nan suke ɗauke majinyaci da dare. Alhali wannan sakin da gangan aka yi shi.

Dalili shi ne, tsokokin da ke tsakanin gwiwa da idon sawu a cikin ɗakuna huɗu suke, kowanne kewaye da wata fata mai tauri da ba ta miƙewa. In jini da ruwa suka taru a ciki, matsi ya hau har ya toshe ƙananan hanyoyin jini, tsoka ta fara mutuwa, kuma a cikin kamar awa shida zuwa takwas ɓarnar ta zama wadda ba ta gyaruwa. Karayar ƙwauri ita ce kan gaba wajen jawo wannan, kuma samari masu ƙarfin tsoka ya fi kamawa, wato dai irin masu tuƙa kabu-kabu da masu aikin shinkafa. Alamarsa ta farko ciwo ne da ya fi ƙarfin karayar, mai ƙaruwa maimakon raguwa, wanda magani ba ya taɓawa. In ka kama yatsun ƙafar ka lanƙwasa su sama ko ƙasa a hankali mutum ya ƙwalla ihu, to maza a kwance duk abin da ke ƙafar har fata ta bayyana, a nufi asibiti a daren, kada a jira asuba. Kada kuma a ce ai jijiya na bugawa a bayan ƙafa, yatsu da ɗumi, don bugun kan ci gaba alhali tsoka na mutuwa a ciki. Kafin yatsu su yi sanyi su yi baƙi an riga an makara. Abin da ke ƙara dagula lamarin yanzu shi ne tiramadol da ake sayowa a kemis a ɗura wa majinyaci don ya samu barci. Ciwon da ya kamata ya tashi gida tsaye an danne shi.

Yanzu a auna kara da aka jera kamar asabari, aka zagaye ƙwauri da shi, aka tamke da igiya a ranar da aka karye. Ƙafa na kumbura, igiya ba ta saki. Majinyaci na kuka, ana ce masa ya daure, ƙashi ne ke kamawa. Kwana huɗu, biyar, bororo ya fito a tsakanin karare, wari ya tashi, sannan a nemi mota. Likitan da aka kai wa wannan ƙafar ba shi da zaɓi, in bai yanke ba ruɓar ta shiga jini ta kashe mai ita. Labarin da ke komawa ƙauye shi ne an kai wane asibiti an yanke masa ƙafa. Wanda ya karye gobe sai ya ƙara ƙin zuwa da wuri, shi ma ya iso a makare. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan wannan ruɓar da matsattsen ɗori ke jawowa, kuma abin da ya fi ciwo shi ne yara sun yi yawa a cikin waɗanda abin ke rutsawa da su, su da karayarsu ta fi ta kowa sauƙin warkewa. Siminti ma in an matse shi haka zai yi, ba shi da wata kariya ta musamman. Bambancin kawai, wanda ya koyi aikin an koya masa ya ji tsoron kumburi.

Bayan kumburi ya saɓe sai wata matsalar ta kunno, akasin ta farko. Ƙafa ta rame a cikin siminti, ya yi mata yawa, ƙashi ya samu wurin zamewa. Saboda haka ake maimaita hoto kowane mako a makonni biyu ko uku na farko, lokacin da haɗin bai yi tauri ba kuma ana iya gyara. In an ga ya ɗan karkata, akwai dabara mai sauƙi: a yanka simintin da zarto a daidai karayar, a buɗa ta gefen da ya lotsa, a cusa ɗan katako, a sake naɗewa. In karkatar ta ƙi gyaruwa, a canja shawara a koma tiyata tun da sauran lokaci. Ga mutumin Kamba ko Zuru ko ƙauyukan bakin ruwa na Yawuri, zuwa asibiti mako-mako da ƙafa sanƙarau a bayan mota ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina nan ne maganin siminti ya fi faɗuwa a wajenmu. An sa shi daidai, ba a dawo ba sai bayan wata uku. In kuɗin mota na zuwa uku kaɗai iyali ke da shi, gara a kashe shi a makonni ukun farko.

Da can akan bar mutum cikin dogon siminti wata da watanni yana kwance, ya fito gwiwa ta sandare. Wanda ya sauya wannan shi ne Augusto Sarmiento, likita ɗan asalin Kolombiya da ya yi aiki a Amurka. A 1967 ya bayyana wani gajeren siminti da ke tsayawa a gwiwa, an lailaye shi ya rungumi ƙoƙon gwiwa da saman ƙwauri, dabarar da ya aro daga masu ƙera ƙafar roba. Da shi mutum zai lanƙwasa gwiwa, kuma ya taka. Hujjarsa ita ce tsokar da aka kewaye da abu mai tauri tana tallafar ƙashi da kanta, kuma ɗan motsin da takawa ke jawowa a bakin karaya yana zaburar da haɗi, ba ya hana shi. Ya kuma lura cewa a karayar da ba ta huda fata ba, gajartar da ƙafa ta yi ranar haɗari ita ce kusan iyakarta, takawa ba ta ƙara ta. Daga baya ya koma amfani da takalmin roba mai maɗauri da ake iya matsewa yayin da ƙafa ke ramewa. A rahoton da ya fitar da abokan aikinsa a 1995 kan karaya 1,000 da aka yi wa haka, waɗanda suka ƙi haɗewa kusan ɗaya ne cikin ɗari. Sai dai a tuna, zaɓaɓɓun karaya ne, a hannun mutanen da ke bibiyarsu. Tsarin da aka fi bi yau ke nan: dogon siminti mako huɗu zuwa shida, sannan gajere irin na Sarmiento ko takalmin roba, a fara takawa da sanduna, ana ƙara nauyi gwargwadon abin da hoto da ciwo suka nuna.

Yara kusan duk da siminti ake gama musu. Ƙashinsu na da kauri a fatar da ta lulluɓe shi, jini ya wadace shi, mako shida zuwa goma ya haɗe, ƙananansu ma ƙasa da haka. Ɗan karkata kaɗan girma na gyara ta, amma murɗewa ba ta gyaruwa, yaron da ƙafarsa ta haɗe tana kallon waje haka zai girma. In yaro mai koyon tafiya ya ɗan faɗi ya ƙi taka ƙafa, ba kumburi ba komai, a yi zargin siririyar tsaga a ƙasan ƙwauri, wadda wani lokaci hoton farko ba ya nunawa. Mako uku zuwa huɗu ta warke. Wadda ake tsoro ita ce karayar da ta bi ta wurin da ƙashi ke ƙara tsawo, kusa da gaɓa. Siririn ƙashin gefe kuwa in shi kaɗai ya karye a tsakiya, kuma an tabbatar idon sawu lafiya, kusan mako shida ne, ana takawa. Abin mamaki, in babban ya karye siririn ya tsira, ba kullum ne alheri ba, don siririn kan tokare ya sa babban ya karkata ciki ko ya yi jinkirin haɗewa.

Zama da siminti a Kabi wani jihadi ne da littattafan likitanci ba su cika kulawa da shi ba. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, gumi ya jiƙe auduga, ƙaiƙayi ya hana barci, sai mutum ya zura tsinken tsintsiya ko kara yana susa, ya yage fatar da ba mai ganinta. Duk wari, ko danshi da ya ɓullo ta jikin simintin, ko zafi kamar wuta a wuri guda musamman dunduniya, dalili ne na komawa a buɗe a duba. Da damina kuma ruwa ne abokin gaba, in ya jiƙe ya yi laushi ya tashi daga aiki. Sai babbar matsalar da kunya ke hana faɗa: mai dogon siminti ba ya iya tsuguno a masai. Mutane da yawa wannan ne ke sa su yanke shi da wuƙa a gida, ba ciwo ba. Kafinta zai iya huda tsohuwar kujera a ɗora a kan ramin, magana ta ƙare, kuma ya kamata ma'aikatan asibiti su riƙa faɗin haka tun kafin a sallami mutum. Batun alwala malaman fiƙihu sun riga sun warware, shafa ake yi a kan ɗauri da hannu mai danshi, salla kuma a zaune. A riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ana motsa yatsu. Dogon kwanciya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, don haka sabon kumburi a cinya, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi farat ɗaya, abin gaggawa ne.

Kada wannan bayani ya sa a ɗauka siminti ya fi ƙarfe. Ga baligin da ƙashinsa ya goce sosai, sandar ƙarfe da ake zurawa cikin ɓargo ta fi riƙe shi a miƙe, ya fi saurin tashi ya koma nema, kuma idon sawunsa bai cika sandarewa ba. Magidancin da zai rasa noman rani da na damina a jere saboda zaman siminti, in ya yi lissafi da kyau, wataƙila ya ga arahar ba araha ba ce. Ita ma tiyata da nata: haɗarin shigar ƙwayoyin cuta, da ciwon gaban gwiwa da ke damun kaso mai yawa na waɗanda aka zura wa ƙarfen, abin da ba wasa ba ne ga mai durƙusawa sujada sau da yawa a yini. Irin wannan shawara likitan ƙashi ke yanke ta tare da majinyaci, a asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, ko a tura mutum Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na ƙashi da ke Wamakko, ko Dala a Kano, wanda ke wannan aiki tun 1959. Majinyaci na da haƙƙin ya tambaya kai tsaye: Likita, tawa za ta yi da siminti? In ba za ta yi ba, me hoton ya nuna?

Masu ɗori kuma ba za a share su da baki ba. Suna kusa, ana biyansu da abin da ya sawwaƙa, wani ma sai an warke, suna zuwa har gida, suna magana da mutum da harshen da yake ji. Karaya da yawa da suka ɗora ta warke, don irin wadda za ta warke ce muddin an riƙe ta. A Arba Minci da ke kudancin Habasha, wani likita ya ba da rahoto a 2005 cewa bayan an tara masu ɗorin yankin an yi musu bita ta yini ɗaya, yawan gaɓoɓin da ake yankewa saboda matsattsen ɗauri ya ragu ƙwarai. Ba a hana su sana'a ba. An nuna musu illar matsi ne da irin karayar da ya kamata su tura gaba. Ban ga abin da zai hana ma'aikatar lafiya ta jihar Kabi, ta hannun masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, ta yi irin wannan ba, tun da sarakuna sun san kowane gidan ɗori da ke ƙasarsu. Mai ɗorin da zai ce a je a ɗauko hoto kafin ya taɓa, ya ƙi karɓar mai rauni a buɗe, ya sa auduga ya bar wa kumburi wuri, ya dawo da daddare ya duba yatsu, ya rage kaso mafi girma na haɗarin.

Akwai abubuwan da ke jinkirta haɗi kowace hanya aka bi. Taba sigari na kan gaba, don tana tsuke hanyoyin jinin da dama ba su wadaci ƙwauri ba. Ciwon suga da ba a kula da shi ba na biye, ga shi yana kashe jin ƙafa har siminti ya ci fata mai shi bai sani ba. Abinci kuwa ba sai na kanti ba: kifin Yawuri da Argungu, wake, gyaɗa, ƙwai, nono, da ɗan zama a hantsi. In an kai wata shida ana taka ƙafa tana ciwo a daidai karayar, ko hotunan wata uku a jere ba su nuna ci gaba ba, ƙara wata biyu cikin siminti ba zai yi komai ba, lokacin maganar aiki ya yi.

Ranar da aka cire siminti ƙafar kan fito a rame, fata na saɓa, idon sawu a sandare, da yamma kuma ta kumbura. Duk wannan ba abin tsoro ba ne, kuma kumburin yamma na iya ɗaukar watanni. A wanke da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya, kada a kankare. A zauna a maƙala zane a tafin ƙafa ana jawo shi sama, ana juya idon sawu, safe da yamma, har tsuguno da zaman tahiya su dawo. Sanda biyu ta koma ɗaya, a riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya, ba gefen mai ciwo ba kamar yadda aka saba yi. Tafiya a ƙasa mai tauri ke fara dawowa, shiga taɓon fadama inda ƙafa ke nutsewa ana fizgo ta da murɗawa sai daga baya. Ɗan kabu-kabun da ƙafar dama ce ta karye, ya bar wani ya riƙa buga masa kik har sai likita ya ga hoton ƙarshe ya ce ƙashin ya haɗe ta kowane gefe.